Wai Andrew Jackson ne ya kawo wa talakan Amurka dimokuraɗiyya, ko tarar da ita ya yi?

Duk sanda aka samu ɗan siyasa a Amurka da ke cewa shi na talakawa ne, manya ne kawai ba sa son shi, kotu da majalisa da 'yan jarida sun haɗe masa kai, to za ka ji masu sharhi sun jawo sunan Andrew Jackson, shugaban ƙasar na bakwai da ya yi mulki daga 1829 zuwa 1837. Donald Trump ma da ya shiga ofis a 2017 hoton mutumin nan ya sa aka rataya masa a bango, kuma Jackson ɗin ne dai dattijon nan mai tsayayyen farin gashi da ke jikin takardar dala 20, wanda tun 2016 ake ta ja-in-ja a kan a cire shi a sa Harriet Tubman, baƙar matar da ta tsere daga bauta kuma ta riƙa komawa tana fito da wasu. Wasu na cewa shi ne uban dimokuraɗiyyar talaka, wasu na cewa ɗan kama-karya ne da ya fake da sunan talaka. To wanne ne gaskiya, kuma shin shugaba mai da'awar talaka shi ne ke faɗaɗa dimokuraɗiyya ko kuwa abubuwa biyu ne daban da suka haɗu a lokaci ɗaya?

Mece ce ma siyasar da'awar talaka

Ba kowane mai tausayin talaka ne ke yin ta ba. Salo ne na raba ƙasa gida biyu, a ce ga jama'a nan masu gumi masu gaskiya, ga kuma wasu 'yan tsiraru can sama da suka danne komai, sannan shugaban ya ce shi ne bakin jama'ar, don haka duk wanda ya ja da shi, ko alƙali ne ko sanata, da jama'a yake ja. Wannan kashi na ƙarshe shi ne inda rigimar take. Ita kuwa dimokuraɗiyya tambayoyinta daban ne, wa ke da ƙuri'a, ƙuri'ar tana iya sauke mai mulki ko a'a, kuma wanda ya faɗi zaɓe ko wanda ba shi da yawa yana da wata kariya? Sukan yi tafiya tare wani lokaci, amma a zamanin Jackson za mu ga inda suka rabu.

Waɗanda suka kafa ƙasar ba su wani amince da talaka ba

Mutane da yawa na ɗauka tun ranar da Amurka ta ayyana 'yanci a 1776 kowa ke jefa ƙuri'a. Ina! Waɗanda suka zauna a Philadelphia a 1787 suka rubuta tsarin mulki manyan masu gonaki ne da lauyoyi da 'yan kasuwa, kuma tsoron abin da suke gani a matsayin hargitsin gama-gari ya sa suka yi ta sa shinge. Majalisar wakilai ce kaɗai jama'a ke zaɓa kai tsaye. Sanatoci majalisun jihohi ne ke zaɓensu, haka aka yi ta yi har 1913. Shugaban ƙasa kuwa wakilan zaɓe ne ke zaɓensa, kuma a jihohi da dama su ma wakilan 'yan majalisar jiha ne ke naɗa su, ba a ma tambayar mai ƙuri'a. Batun wa ya isa ya yi zaɓe aka bar wa kowace jiha, yawancinsu kuma suka ce sai namiji mai fili ko wata kadara ko mai biyan haraji, hujjarsu wai wanda yake ci a ƙarƙashin wani ba shi da ra'ayin kansa, abin da maigidansa ya ce shi zai dangwala.

Duba shugabanni shida na farko ka ga. Huɗu daga Virginia suke, Washington da Jefferson da Madison da Monroe, dukkansu masu manyan gonaki da bayi, sauran biyun kuma uba ne da ɗansa daga Massachusetts, John Adams da John Quincy Adams. Ɗan takara ma 'yan majalisar tarayya na jam'iyya ne ke shiga ɗaki su fitar da shi, ba wani zaɓen fid da gwani.

Ƙofar ta fara buɗewa kafin ya iso

Wannan shi ne abin da aka fi kuskurewa. Jackson bai sa hannu a wata doka da ta ba talaka ƙuri'a ba, ba shi ma da ikon yin haka tunda hurumin jihohi ne. Abin ya faro ne daga sababbin jihohin da ake buɗewa ta yamma, irin su Kentucky da Indiana da Illinois da Alabama, inda ake neman mutane su zo su zauna su yi noma, ba za ka ce wa mutum ya sare daji ya kare iyaka da bindigarsa sannan ka ce bai isa zaɓe ba. Tsofaffin jihohi na gabas da suka ga mutanensu na ta ƙaura sai su ma suka fara sassautawa, Connecticut a 1818, New York a 1821 sannan ta ƙara sakin mara a 1826. Ga sojojin da suka yi yaƙin 1812 da Birtaniya suka dawo suna tambayar yaya jininsu ya isa amma ƙuri'arsu ba ta isa ba, ga kuma karyewar tattalin arziki ta 1819 da ta raba manoma da yawa da gonakinsu, wanda a wasu wuraren hakan na nufin ka rasa gona ka kuma rasa ƙuri'a. Su kansu 'yan siyasa sun gane cewa wanda ya ƙara yawan masu zaɓe yakan kwashe sababbin.

A zaɓen 1824 jihohi 6 cikin 24 ne majalisa ke naɗa wakilan zaɓen shugaban ƙasa, zuwa 1832 South Carolina ce kaɗai ta rage. Wasu jihohin kuma sun yi taurin kai har bayan ya mutu, North Carolina sai 1856 ta gama cire sharaɗin mallakar fili. Kenan guguwar ta riga shi tasowa ta kuma ci gaba bayansa, abin da ya yi shi ne ya fi kowa sanin yadda ake amfani da ita.

1824, zaɓen da ya haifi fushin

Jackson maraya ne da ya tashi cikin wahala a kan iyakar jihohin Carolina biyu, yana ɗan shekara 14 ba uwa ba uba, bai yi wani karatu mai zurfi ba, amma ya yi suna a Janairun 1815 da ya fatattaki sojojin Birtaniya a New Orleans. Sai dai kada a ce talaka ne lokacin da ya fito takara, tuni ya zama lauya, dillalin filaye, janar, mai katafariyar gonar auduga kusa da Nashville da bayi kusan ɗari ko fiye suna masa aiki.

Mutum huɗu suka tsaya a 1824. Jackson ya samu wakilan zaɓe 99, John Quincy Adams 84, William Crawford 41, Henry Clay 37, ba wanda ya kai 131 da ake buƙata, don haka tsarin mulki ya tura maganar majalisar wakilai. Clay shi ne kakakin majalisar, ya juya mutanensa suka zaɓi Adams, 'yan kwanaki bayan nan Adams ya ba Clay sakataren harkokin waje, kujerar da a lokacin ake ganin daga ita sai shugabancin ƙasa. A doka ba a karya komai ba, kuma dama Clay ya fi kusa da Adams a manufa, amma wa zai tsaya sauraron wannan? Magoya bayan Jackson suka ce cinikin ha'inci aka yi, an sayar da zaɓin jama'a a bayan labule, kuma shekara huɗu cur wannan waƙa ɗaya suka yi ta rerawa.

Wanda ya juya fushin ya zama inji shi ne Martin Van Buren na New York, gogan ƙulle-ƙulle. Shi ya haɗa manoman kudu masu bayi da talakawan arewa a tafiya ɗaya wadda ta zama jam'iyyar Democrat ta yau, aka kafa kwamitoci har matakin ƙaramar hukuma, aka buɗe jaridun jam'iyya, ana gangami ana gasa nama ana raba barasa. Kamfen ɗin 1828 kuwa ƙazanta ce zalla. Mutanen Adams suka tono cewa Rachel matar Jackson aurenta na farko bai gama mutuwa a kotu ba lokacin da ta fara zama da shi, suka buga takardu masu hoton akwatunan gawa na sojojin da aka zartar wa hukuncin kisa a ƙarƙashin Jackson, su kuma mutanen Jackson suka yi wa Adams ƙazafin wai ya kai wa sarkin Rasha yarinya lokacin yana jakada. Jackson ya ci da wakilai 178 a kan 83, masu fitowa zaɓe suka tashi daga kusan kashi 27 cikin ɗari a 1824 zuwa kusan 57. Rachel ta rasu a Disambar shekarar kafin rantsuwa, shi kuma har ya mutu bai yafe ba. Ranar rantsuwa 4 ga Maris 1829 jama'a suka cika Fadar White House maƙil, ana taka kujeru da takalma masu taɓo ana fasa kwanuka, sai da aka fitar da abin sha waje kafin aka samu suka ragu.

Abin da ya yi da kujerar

Na farko rabon muƙamai. Ya ce aikin gwamnati ba gadon gidan kowa ba ne, kowane mai hankali zai iya, don haka a riƙa sauyawa. A baki magana ce mai daɗi, a aikace kuwa korar mutanen Adams aka yi aka sa 'yan kamfe, musamman a gidan waya da kwastam. Wani sanatan New York, William Marcy, shi ya fito ya faɗa ƙarara a 1832 cewa ganima ta wanda ya ci yaƙi ce. Adadin da Jackson ya kora bai kai yadda maƙiyansa suka kururuta ba, amma ya halatta abin, kuma mutumin da ya naɗa shugaban kwastam na tashar New York, Samuel Swartwout, ya gudu Turai a 1838 aka tarar da giɓin fiye da dala miliyan ɗaya, kuɗin da a lokacin ba ƙaramin abu ba ne. Sai a 1883, bayan wani mai neman muƙami ya harbe shugaba Garfield, aka fara ɗaukar ma'aikata da jarrabawa.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, rigimar banki. A lokacin gwamnatin tarayya ba ta buga takardar kuɗi ɗaya ga kowa, bankunan jihohi ne kowanne ke buga tasa da alkawarin in ka kawo zai ba ka zinariya ko azurfa. Akwai babban banki guda a Philadelphia da aka ba lasisin shekara 20 a 1816, shi ke ajiye kuɗin gwamnati, kuma shi ke taka wa ƙananan burki, don yakan tara takardunsu ya kai musu ya ce a biya shi da ƙarfe, wanda ya buga fiye da ƙarfinsa sai asirinsa ya tonu. Aiki ne mai amfani. Matsalar ita ce kashi huɗu cikin biyar na hannun jarin na 'yan kasuwa ne, har da Turawan waje, shugabansa Nicholas Biddle ba wanda ya zaɓe shi, kuma yana ba 'yan majalisa da masu jaridu bashi cikin sauƙi, kowa ya san me hakan ke nufi.

Clay da Biddle suka yi dabarar kawo sabunta lasisin a 1832, shekara huɗu kafin ya ƙare, da tunanin Jackson ba zai kuskura ya ƙi ba ana dab da zaɓe. Ya hau kujerar na-ƙi a ranar 10 ga Yuli, kuma saƙon da ya aika a zahiri ba majalisa yake wa magana ba, masu zaɓe yake wa, yana cewa masu kuɗi da masu ƙarfi sukan lanƙwasa gwamnati don son ransu, manomi da mai sana'ar hannu da lebura suna da haƙƙin yin ƙorafi. Kotun ƙoli tun 1819 ta ce bankin bai saɓa tsarin mulki ba, shi ya ce fahimtar kotu ba ta ɗaure shugaban ƙasa. Shugabannin da suka gabace shi su shida gaba ɗaya sau 10 suka ƙi sa hannu a doka, yawanci in sun ga ta saɓa tsarin mulki, shi kaɗai ya yi sau 12. Ya lallasa Clay a zaɓen da wakilai 219 a kan 49, ya kuma ɗauki hakan a matsayin jama'a sun yanke hukunci a kan bankin.

Daga nan ne abin ya wuce gona da iri a ganina. A 1833 ya ce a daina ajiye kuɗin gwamnati a bankin tun lasisin bai ƙare ba, alhali doka sakataren baitulmali ta ba wannan iko. Na farko bai yarda ba aka canja masa ma'aikata, na biyu William Duane ya ƙi aka kore shi, sai na uku Roger Taney ya aiwatar, aka rarraba kuɗin a bankunan jihohi da 'yan adawa ke kira 'yan lele. Majalisar dattawa ta zartar da ƙudurin tsawatar masa a 1834, ya mayar musu da martani cewa shugaban ƙasa shi ne wakilin jama'ar Amurka kai tsaye. A yau wannan magana ba ta ba kowa mamaki, amma a lokacin sabuwa ce fil, don waɗanda suka rubuta tsarin mulkin majalisa suke gani a matsayin muryar jama'a. 'Yan adawa suka zana shi da rawanin sarauta yana taka tsarin mulki, suka kafa jam'iyyar Whig. Shi ma Biddle ya yi wautar da ta gaskata Jackson, ya ƙuntata bashi da gangan don kasuwa ta ji jiki a matsa wa gwamnati, sai mutane suka ce ashe da gaske mutum ɗaya na iya shaƙe ƙasa.

Wannan tunani na shugaba ɗaya da duk ƙasa ta zaɓa, wanda zai iya tsallake majalisa ya yi magana da jama'a, yana cikin kayan da Najeriya ta ɗauko lokacin da ta koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka a 1979.

To talakan me ya samu? Burki ya tafi, bankunan jihohi suka yi ta buga takarda, cinikin filaye ya haukace. A 1836 Jackson ya ba da umarnin filin gwamnati sai da zinariya ko azurfa, ya sauka a Maris 1837, a watan Mayu bankunan New York suka daina biyan ƙarfe, aka shiga matsin da ya ɗauki shekaru, ma'aikata a birane suka rasa aiki, manoma suka rasa gonaki. Masana tattalin arziki har yau suna gardama a kan kason laifinsa, don faɗuwar farashin auduga da ƙarin kuɗin ruwa da Bankin Ingila ya yi suma sun taka rawa babba. Van Buren da ya gaje shi dai shi ya sha zagin. Amurka ba ta sake samun babban banki ba sai 1913.

Su wa ake nufi da jama'a

A shekarun da ake cire sharaɗin dukiya, a su ne ake rubuta sharaɗin launin fata. New York a 1821 ta sassauta wa farare amma ta ce baƙar fata sai yana da kadarar dala 250. North Carolina a 1835 da Pennsylvania a 1838 sun ƙwace ƙuri'ar baƙaƙen da ba bayi ba, waɗanda a da wasunsu na zaɓe. Mata masu dukiya a New Jersey suna zaɓe har 1807 aka hana su. Bayi kuwa kusan miliyan 2 ne a ƙidayar 1830. Da masu yaƙi da bauta suka fara aika takardu kudu ta gidan waya a 1835, gungun mutane suka fasa gidan wayar Charleston suka ƙone su, gwamnatin Jackson ta bar shugabannin gidan waya na kudu su riƙa riƙe irin waɗannan takardu, shi da kansa ya nemi majalisa ta haramta su.

Mafi muni shi ne na 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a can. Dokar kwashe su ta 1830 da ƙyar ta wuce majalisar wakilai, amma ta wuce, kuma abin da ya kamata a gane shi ne masu zaɓensa na kudu da yamma abin da suke so kenan, filin auduga suke nema, ga kuma zinariya da aka gano a Georgia. Ƙabilar Cherokee suna da rubutunsu, da tsarin mulkinsu na 1827, da jaridarsu, suka bi hanyar shari'a, a 1832 kotun ƙoli ƙarƙashin John Marshall ta ce dokokin Georgia ba su da hurumi a ƙasarsu. Georgia ta yi kunnen uwar shegu, Jackson bai ɗaga ko yatsa ba. A wannan shekarar dai South Carolina ta ce ba za ta bi dokar harajin kayan shigowa ba, nan kuwa ya fito da barazanar sojoji yana cewa ba jihar da ta fi tarayya. Aka samu wasu 'yan tsiraru cikin Cherokee suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota a 1835 ba da yawun shugabansu John Ross ba, a 1838 sojoji suka tasa ƙeyar mutum kusan 16,000 zuwa inda ake kira Oklahoma a yau, ana ƙiyasin kusan 4,000 sun mutu a sansanoni da kan hanya. Masu rinjaye ne suka so, waɗanda abin ya faɗa wa kuma ba su da ƙuri'a, kotun da ta tsaya musu kuwa ba ta da soja.

Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi, da abin da ya biyo baya

Masu kare shi na cewa kafin shi mulki na 'yan gidaje ne, shi ya sa ɗan manomi ya ji gwamnati tasa ce, ya karya banki mai ƙarfin da ba mai tuhumarsa, ya hana ƙasa wargajewa a 1832, ya kuma biya bashin gwamnatin tarayya kaf a 1835, abin da ba a sake yi ba. Duk gaskiya ne. Masu sukarsa na cewa ya maida duk saɓani na siyasa gaba ta ƙashin kai, ya raina duk wata hukuma da ta ce masa a'a, kuma daidaiton da yake wa'azi na fararen maza ne da aka gina a kan filin wasu da gumin wasu. Ni dai na fi karkata nan, don nasarorin da aka lissafa masa a fagen ƙuri'a yawancinsu aikin jihohi ne da na Van Buren, ɓarnar kuwa da sa hannunsa.

Abin dariyar shi ne 'yan Whig da suka yi shekaru suna kukan siyasar gangami, a 1840 suka ce ai mu ma mun iya. Suka ɗauko William Henry Harrison, shi ma tsohon janar, ɗan babban gida a Virginia wanda mahaifinsa na cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin kai, suka tallata shi a matsayin talakan da ke zaune a bukkar katako, suka zana Van Buren, wanda shi ne ainihin ɗan mai ƙaramin masauƙi a ƙauye, a matsayin ɗan gayu mai cin abinci da cokalin zinariya. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu haƙƙin zaɓe suka fito, Harrison ya ci, ya kuma rasu bayan wata ɗaya a ofis. Daga nan aka samu jam'iyyu biyu masu ƙarfi a kusan kowace jiha, kowacce na bin mai ƙuri'a har ƙofar gida, kuma mai mulki ya san ana iya kayar da shi. Waɗanda aka bari a waje kuwa sai da suka yi nasu yaƙin daban. Baƙaƙen maza sun samu ƙuri'a a takarda a 1870 bayan yaƙin basasa, amma a kudu sai dokar 1965 ta sa ta zama gaske, mata a duk ƙasar sai 1920, 'yan asalin ƙasar kuwa sai 1924 aka ba dukkansu shaidar zama 'yan ƙasa, kuma ko bayan nan wasu jihohin sun ci gaba da hana su zaɓe na tsawon shekaru.